Hedifon mai rufaffen baya na manyan kuɗi: kunnena ne ya lalace ko haka kayan suke?

Baban Ummi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na zo da damuwa, kuma na san nan ne za a gaya min gaskiya komai ɗacinta. Wata bakwai ke nan da ƙanena ya taho min da hedifon mai rufaffen baya daga waje, irin na manyan kuɗin nan, ƙoƙonsa na katako, soson kunnen an lulluɓe shi da fatar rago. Abin da na zuba masa zai sayi sabon babur har a ba ni canji. Dalilin sayen ɗaya ne. Ba na samun zama in saurari komai sai bayan isha, lokacin da uwargida da yara suka kwanta, gidan kuma ciki da falo ne. Ina da wani tsoho mai buɗaɗɗen baya wanda bai kai kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin wannan ba, amma shi duk abin da kake ji na kusa da kai ma yana ji, har Hajiya ta yi min iyaka da shi.

To ga abin da na tarar. In na sa karatu, muryar alaramma sai ta fito kamar yana karantawa da kansa a cikin randa. In kiɗan gargajiya ne, kalangu ya kumbura ya danne garaya, sai na kasa kunne sosai nake tsinto ta. Komai kuma a tsakiyar kwanyata yake taruwa, alhali tsohon nan nawa sai ka ji kamar makaɗan suna zaune a gabanka a kan tabarma. Kafin minti arba'in kunnuwana sun jiƙe da gumi, tsakar kaina na zafi. Sannan makon jiya na ga wata 'yar tsaga siririya kamar gashi a ƙoƙon hagu, kusa da inda kusa take. Wallahi ko faɗuwa bai taɓa yi ba, a akwatinsa yake kwana.

Shin an cuce ni ne, ko kunnena ne, ko haka dukkansu suke?

Sarkin Gardama:
Wa alaikumus salam. Wane kamfani, wane samfuri? Ba a yi wa mara lafiya magani ba a san sunansa ba.

Baban Ummi:
Yallaɓai ka yi haƙuri, ba zan kama suna ba. Muna kan musayar wasiƙu da su a kan garanti, kuma na san halin zauren nan, ina faɗa za a bar maganata a koma faɗan masoya kamfani.

Injiniya Mai Sitidiyo:
Baban Ummi, kunnenka lafiya lau. Randar da ka ce kana ji randa ce ta gaske, kuma ita ka saya.

Sifikar da ke cikin hedifon wata 'yar fata ce marar kauri mai kaɗawa gaba da baya, kamar fatar ganga. Duk sautin da ta tura wajen kunnenka, ta tura irinsa ta baya. A mai buɗaɗɗen baya, wannan na bayan sai ya bi ta raga ya fice abinsa, shi ne wanda Hajiya ke ji. A rufaffe kuwa ba shi da ƙofar fita. Sai ya daki bangon ƙoƙo ya dawo, ya ratsa 'yar fatar nan, ya iso kunnenka a makare ya cakuɗe da na asali. Wani amon ya ninku, wani ya kashe ɗan uwansa. Ƙoƙon kansa ma yana da nasa amon, ka ƙwanƙwasa shi da farce ka ji. Galibi ɓarnar tana faɗawa ne a saman bes (sautin nan mai kauri) da ƙasan murya, wato daidai inda kaurin muryar namiji da cikin kalangu suke zaune. Ka ga ba a banza ba waɗannan biyun ka fara kuka da su.

Duk wani kamfani da ke ƙera rufaffe, rabin aikinsa yaƙi ne da wannan sautin na baya. Wasu su cusa ulu da soso a ƙoƙon, wasu su karkata bangonsa, wasu su yi masa 'yan hujoji a ɓoye. Sennheiser da suka fito da HD 820 a 2018 gilashi mai lanƙwasa suka sa a bayan, don ya karkatar da sautin zuwa wasu ɗakuna biyu da za su shanye shi. Sony a MDR-Z1R na 2016 sun sa sifika mai faɗin milimita 70, bayan kuma raga ce da matacin takarda mai shaƙar iska, wato rufaffe ne da suna amma yana numfashi. Dubi kuɗin: HD 820 ya fito a kan dala 2,400, ya fi yayansa HD 800 S mai buɗaɗɗen baya tsada da ɗaruruwan daloli, kuma mafi yawan masu awon sauti sun fi yaba yayan. Ka biya ƙari don a rufe, ka sake biyan ƙari don a rage ɓarnar rufewar.

Sarkin Gardama:
Injiniya, da girmanka amma ka zaɓi misalin da ya yi maka daɗi. A gidan Focal ai akasin haka ne. Stellia, rufaffensu na 2019, dala 3,000 ya fito, Utopia mai buɗaɗɗen baya kuwa wajen 4,000. Ina ƙarin kuɗin rufewa a nan? Sannan ka yi shiru a kan Stealth na Dan Clark Audio da ya fito a 2021. Wannan rufaffe ne, amma awonsa ya fi na buɗaɗɗu da yawa tsabta. Ba za a ɗauki laifin hedifon ɗaya a shafa wa dangi duka ba. Ni rufaffe nake amfani da shi kullum a ofis, mu takwas a ɗaki, babu wanda ya taɓa ɗago kai ya kalle ni.

Injiniya Mai Sitidiyo:
Maganar Focal na karɓa, ba ko'ina rufaffe ya fi tsada ba. Stealth ma ban musa ba, an yi aiki a wurin. Amma faɗa wa jama'a kuɗin da ya fito a kai: dala 4,000. Faɗa musu kuma ba a jona shi a waya ko laftof ya bayar da abin da aka saye shi dominsa, sai da amfilifaya, na'urar ƙara ƙarfin sauti, mai ƙarfi. Wato sai an kai wannan matakin kafin rufaffe ya yi abin da buɗaɗɗen dala 500 ke yi ba tare da wahala ba ta fannin sakin sauti. Ai gardamarka ta taya ni ne.

Ɗan Maraɗi:
Sarkin Gardama, kafin mu ci gaba, a wace ƙasa wannan ofis ɗin naku yake?

Sarkin Gardama:
Ingila. Me ya kawo wannan?

Ɗan Maraɗi:
Shi ke nan, na gane. Kai abin ɗumama kunne ka saya, Allah ya sanya albarka. Ka zo nan a watan Afrilu, zafi ya haura 40, wuta ta ɗauke, fanka ta tsaya, ka ɗora fata a kunnuwanka ka rufe ruf. Ni na gwada. Kafin a gama waƙa uku gumi yana bin wuyana. Soson yadi ya fi sauƙin zafi, to amma da ka sa shi iska ta samu hanya, bes ya zube, rufewar ma ta zama ta jeka-na-yi-ka. An gudu ba a tsira ba.

Ɗalibi Mai Neman Sani:
Don Allah manya a yi min afuwa, sabon shiga ne ni. In dai rufaffe yana da wannan matsalar, me ya sa duk bidiyon da na gani na mawaƙa a sitidiyo rufaffe ne a kansu?

Injiniya Mai Sitidiyo:
Ƙanena tambayarka ta yi. Mawaƙi yana tsaye ne bakinsa dab da makirfo, kiɗa na tafiya a kunnensa. In buɗaɗɗe ya sa, kiɗan zai zubo makirfo ya ɗauka tare da murya, ba kuwa za ka iya raba su daga baya ba. Don haka dole rufaffe. Amma lura da irin wanda muke ba su. Sony MDR-7506 ne, wanda yake kasuwa tun 1991, ko Beyerdynamic DT 770 da ya girme shi, tun shekarun 1980 ake yin sa. Dukkansu ba su kai dala 200 ba, kuma ba don daɗin sauti muke sayensu ba, don su toshe ne, su kuma jure a jefar da su a kan kujera. In an zo haɗa sauti, sifikun tebur nake kunnawa, in dare ya yi in ɗauko buɗaɗɗe. Ban taɓa yanke hukuncin yawan bes da rufaffe ba ban yi nadama da safe ba.

Maman Hanif:
Sallama gare ku. Tun ɗazu nake karantawa, na ga duk maganar ta maza ce, bari in shigo da tamu. Aikina tace murya ne na shirye-shiryen rediyo, hedifon yana kaina awa biyar zuwa shida a rana. Rufaffe gaba ɗaya rayuwarsa a kan abu ɗaya take: soson ya manne da fatar kai zagaye da kunne, kada iska ta samu ko ƙofar allura. To ku gaya min, wace mace ce a cikinmu take zama a ofis kunnenta a waje? Ɗankwali ne, ga hijabi ko mayafi a sama. In na ɗora a kan hijabi, yadin ya buɗe hanya bes ya gudu, sautin sama kuma ya dushe. In na sa a ƙarƙashi, zafi ya ninku, ga shi na zama kamar mai ɓoye ƙwarya biyu. Ranar da na yi sabon kitso kuwa, musamman in an yi shuku, bakan saman da ke ratsa kai ba ya ma zama, sai ya zame gaba ko baya, sautin kunnen dama daban na hagu daban. Ɗankunne dole a cire, in ba haka ba soson ya danna maƙallinsa cikin nama.

Na taɓa aron wani mai tsada na wata biyu daga wurin yayana, ina zaton kuɗi zai magance. Sai ma ya fi na aikina saurin fushi. Da zarar ya ɗan goce, muryar da nake tacewa ta canza kama.

Injiniya Mai Sitidiyo:
Hajiya kin taɓo inda ya fi ko'ina muhimmanci. Awon da ake bugawa a intanet a kan kan roba ake yin sa, mai santsi, ba gashi, ba gemu, ba tabarau. A kan mutum na gaske, sandar tabarau kaɗai tana iya zubar da bes ɗin rufaffe sosai, kuma yadda zai zube a kaina daban da yadda zai zube a kanki. Buɗaɗɗu da yawa ba su cika damuwa da wannan ba, tunda can ma a buɗe aka tsara su. Shi ya sa mutum biyu za su saurari rufaffe ɗaya, wannan ya rantse bes ya yi yawa, wancan ya rantse babu, kuma babu maƙaryaci a cikinsu.

Baban Ummi, kana sa tabarau?

Baban Ummi:
Ina sawa, mai kaurin sanda ma kuwa. Ga saje.

Injiniya Mai Sitidiyo:
To yau da daddare ka yi min gwaji. Ka sa waƙa ɗaya da ka sani sarai. Ka ji da tabarau, ka cire ka ji, sannan ka danna ƙoƙunan biyu da tafin hannu a hankali ka ji. Ka dawo mana da labari.

Alhaji Na Bakin Kasuwa:
Ni tsoho ne a cikinku, kunnena ma ya fara ritaya, don haka ba zan sa baki a maganar amo ba. Nauyi zan yi magana a kai. Ɗana ya nuna min wani Audeze LCD-XC a waya yana zuga ni, na ce karanto min nauyinsa, ya ce ya haura giram 600. Na ce yaro, ledar fiya wata giram 500 ce. Kana so in ɗora abin da ya fi ledar ruwa a ka in zauna awa biyu, da wannan wuyan nawa? Wanda Injiniya ya ambata na sitidiyo, 7506, giram 230 ne kacal. Ashe a wannan harka kuɗi na ƙaruwa kaya na ƙara nauyi, kamar lefe.

Sai maganar hula. Mu da ba ma zama kai a sake, kullum sai an zaɓa: ko hula ko hedifon. In ka ɗora a kan zanna bukar ka karya mata kari, bakan kuma ya ɗaga, soson ya bar ƙasan kunne a buɗe.

Sarkin Gardama:
Baba Alhaji, Allah ya ƙara lafiya, amma LCD-XC ai shi ne gwarzon nauyi, maganaɗisu ne jere a cikinsa, kuma ɗan uwansa buɗaɗɗe ma ba sauƙi gare shi ba. HD 820 giram 360 ne, Z1R 385, Stellia 435. Ba duka ne ledar ruwa ba.

Alhaji Na Bakin Kasuwa:
Na ji ɗana. Giram 435 ma ai ledar ce aka kurɓi kaɗan.

Maman Hanif:
Baba ka gama magana. Kuma ba nauyin kaɗai ba, matsewa. Tunda sai ya manne yake aiki, dole su sa bakan ya riƙe kai da ƙarfi. In ya matse, muƙamuƙi da gefen ido su yi ciwo. In ka ɗaura shi a kan littattafai ya kwana don ya saki, ya daina mannewa. Ban taɓa samun tsakiyar ba.

Mai Gyara:
Oga Baban Ummi, ni tsagar nan ce ta tsaya min a rai. Yaushe aka kawo maka shi?

Baban Ummi:
Farkon Yuli, ana tsakiyar ruwa.

Mai Gyara:
To lissafin ya fito. Ya zo da damina, katakon ya sha laima ya kumbura. Yanzu ga mu a hunturu, iskar Kano ta bushe ƙayau, laimar da ke cikinta takan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari. Katako ya tsuke, kusar ƙarfe kuwa ba ta tsukewa tare da shi, sai ya tsage daga inda aka huda shi. Abin da ke sa ƙofar katako ta ƙi rufuwa a Agusta ta riƙa lilo a Janairu, shi ne ya sami hedifon ɗinka. Masu kayan kiɗa na katako sun san wannan, su laimar kashi 40 zuwa 60 suke nema wa kayansu. Akwai masu ƙera ƙoƙo da katakon da aka ɗirka wa roba a ciki don ya daina motsi, wannan ya fi jurewa, amma zallan katako mai kyan gani a hoto wahala ne a ƙasarmu.

Tunda an taɓo sana'ata bari in ƙara. Abin da aka fi kawo min ba sifika ba ce, ita da wuya ta mutu. Na farko soso. Wanda ake kira fata alhali roba ce aka shafa a kan yadi, gumi da zafi suna cinye shi, shekara ɗaya zuwa biyu ya fara barewa, ka tashi da baƙin ɓurɓushi a kunne da wuyan riga. Na fatar gaske ba ya barewa, amma yana shan man kai da gumi ya yi duhu, in mai launin haske ne ya yi dabbare-dabbare, a Legas ko Fatakwal kuma ya yi fumfuna a akwati. Na biyu gaɓar da ke haɗa ƙoƙo da baka. Za ka ga hedifon na miliyoyi, fata da ƙarfe ko'ina, amma 'yar gaɓar da duk nauyin ke rataye a kanta roba ce ko kusa ɗaya siririya. Na uku ramin jona waya, ya saki, kunne ɗaya ya riƙa ɗaukewa.

Ɗalibi Mai Neman Sani:
Oga, soso ai ba abin damuwa ba ne, na ga ana sayar da su da araha a intanet.

Mai Gyara:
A na dubu goma ba abin damuwa ba ne. A waɗannan, soson rabin sautin ne. Zurfinsa, taurinsa, ko yana da hujoji ko babu, duk da su aka daidaita amon. Ka sa na bogi, ka koma sauraron wani hedifon daban. Na asalin kuma a manyan nan sau da yawa ya haura dala 100, ban da kuɗin aike da na kwastan, wani lokacin ma ka tarar an daina yi. Ko na asalin ne, in ya tsufa ya lotsa, kunnenka ya matso kusa da sifika, sautin ya sauya a hankali ba ka ma lura ba.

Ɗan Maraɗi:
Akwai wata yaudarar da ba a faɗa ba. Ni don ƙarar inji na sayi nawa, maƙwabcina janaretonsa a jikin tagata yake. Na zaci in na rufe kunne shi ke nan. Ashe ƙoƙo ƙananan ƙara masu kaifi yake tarewa, kukan yara, ƙarar cokali, hirar mutane. Gurnanin inji kuwa ratsa shi yake kamar babu komai. Sai ka ƙara murya don ka danne shi, ka tashi kunne na ƙugi.

Injiniya Mai Sitidiyo:
Haka ne. Ƙara mai kauri sai hedifon mai kashe ƙara da lantarki, irin wanda matafiya ke sawa a jirgi, shi aka yi wa wannan aikin. Kuma manyan rufaffun nan da yawa ba su kai na sitidiyo toshewa ba, saboda hujojin da aka yi musu don sautin ya sake. Fostex TH900, mai jan fentin gargajiyar Japan ɗin nan, kowa ya san kyakkyawa ne, kowa kuma ya san ba ya tare ƙara sosai. In ya toshe da kyau ya yi randa, in ya bar randa ya daina toshewa. Wanda kuma ya toshe ƙwarai, ka ji taunarka da haɗiyar yawunka da gogar waya a jikin riga duk a cikin kai.

Sarkin Gardama:
To na ji, duk kun taru a kaina. Amma ku amsa min wannan. Mutum yana da mata da yara suna barci a ɗaki ɗaya, ko yana ofis da jama'a. Buɗaɗɗe ya haramta gare shi. Me zai yi, ya daina jin sauti mai kyau? Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Shi ma mai sayen tulu ya san ba zai ga gindinsa ba. Kowanne da aibinsa, ku daina yi kamar buɗaɗɗe daga sama aka saukar da shi. Bes ɗin can ƙasa, wanda kake ji a ƙirji, rufaffe mai kyau ya fi yawancin buɗaɗɗu kawo shi.

Injiniya Mai Sitidiyo:
Nan kam ba mu da saɓani. Ban ce kada a sayi rufaffe ba. Cewa na yi kada a zaci yawan kuɗi zai cire shi daga zama rufaffe. Akwai binciken da aka buga a 2017 wanda aka auna hedifon 283, aka tarar kusan babu alaƙa tsakanin farashi da daidaiton amo. Masu binciken kamfanin kayan sauti na Harman kuma, su Sean Olive, sun shafe shekaru suna gwada irin amon da yawancin masu sauraro suka fi so ba tare da sun ga sunan kamfani ba, kuma AKG K371, rufaffen da bai kai dala 200 ba, yana bin wannan ma'aunin kusa da kusa fiye da wasu na dubbai. Abin da ƙarin kuɗin ke saya maka sau da yawa katako ne da fata da akwati mai kyau. In su kake so, halal ne, kuɗinka ne. Amma su ɗin ne kuma Mai Gyara ya gama gaya mana yanayinmu ke fara ci.

Maman Hanif:
Ni dai daga ƙarshe 'yan cusawa a kunne na koma, masu waya. Suna shiga ƙarƙashin hijabi lafiya, ba ruwansu da kitso, ba gumi, kuma sun fi duk wani ƙoƙo toshe hayaniya.

Alhaji Na Bakin Kasuwa:
'Yata, ni abin da za a tura min cikin kunne ban da shi. Ko auduga likita ya hana ni.

Ɗalibi Mai Neman Sani:
Injiniya, ikwalaiza fa, abin nan da ake ƙara wani ɓangaren sauti ko rage shi da shi? Ba za ta gyara randar ba?

Injiniya Mai Sitidiyo:
Tana taimakawa sosai in tudun da sautin ya yi mai faɗi ne, ka rage wajen 150 zuwa 250 Hz, wato saman bes, kaɗan ka ji muryar ta fito daga rami. Abin da ba ta iyawa shi ne ramuka masu tsini da dawowar sauti ke haifarwa, da kuma zubar iska da ke canzawa duk lokacin da ka gyara zama. Ba za ka daidaita abin da ba ya tsayawa wuri ɗaya ba. Kuma ni abin yana ba ni haushi a ce ka biya kuɗin babur sannan ka zauna kana ƙarasa wa kamfani aikinsa.

Baban Ummi:
Jama'a barkanmu da safiya, na yi gwajin jiya. Da tabarau, bes ɗin dama ya fi na hagu, murya ta ɗan karkata. Da na cire, suka matso kusa amma ba su daidaita ba, kuma randar ta ƙaru, ba raguwa ta yi ba. Da na danna da hannu sai kalangu ya cika min kai har na sauke shi. Na ɗauko tsohon nawa na sa waƙar nan dai, garaya ta fito sarai kamar an share mata hanya. Minti biyu ban yi ba Hajiya ta yi gyaran murya daga ciki.

Kamfanin kuma sun amsa. Sun ce in aika musu su duba, kuɗin zuwa a kaina, kuma in suka ga yanayi ne ya jawo tsagar, garanti bai shafe ta ba.

Mai Gyara:
Na san za a rina. Oga kada ka kuskura ka ɗiga masa sufa gulu, zai bi fentin ya yi fari, kuma ka kashe maganar garantin da hannunka. Ka ɗauki hotonsa yau da kwanan wata. Ka samo ƙaramin gwangwani mai murfi, ka huda murfin, ka sa ɗan soso mai danshi a ciki, ba mai ɗiga ba, ka ajiye a kusurwar akwatin yadda ba zai taɓa fata ko katakon ba, ka riƙa dubawa kada ya yi fumfuna. Zai rage saurin tsagar kafin ka yanke shawara. Bambancin hagu da dama da ya rage bayan ka cire tabarau, ina zargin ko tsagar ta ratsa ciki ko soson hagu ya fi lotsawa. In ka ga ba za ka aika ba, ka kawo min ranar Asabar bayan la'asar in buɗe mu gani.

Sarkin Gardama:
Baban Ummi, tunda dai an haramta maka tsohon buɗaɗɗen nan, sa masa kuɗi. Ina zuwa gida da azumi, zan karɓa.

Ɗan Maraɗi:
A'a, mai kare rufaffe ne ke neman rariya?

Sarkin Gardama:
Na gida ne, ba na ofis ba. Ni kaɗai nake kwana.

Baban Ummi:
Yallaɓai ka makara. Da safen nan Hajiya ta sa shi a jakar ƙaninta da zai koma makaranta Zariya, sai da motarsu ta tashi aka gaya min. Mai Gyara, Asabar ɗin ina nan tafe, in taho da wayarsa da amfilifayar ko shi kaɗai ya isa?

Mai Gyara:
Taho da su duka, da tabarau ɗin.